Musulmin Zango da Ƙungiyoyin Farar Hula: Tambayoyi da Amsoshi daga Kumasi

Duk sanda zaɓe ya ƙarato, ko aka ji wata ƙungiya ta kira taro a Asawase ko Aboabo, unguwannin Zango na Kumasi, tambayoyin nan ne ke yawo a bakin mutane, daga teburin mai shayi har zauren malam bayan la'asar. Wasu da neman sani ake yin su, wasu da gatse. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na bar su yadda ake furta su.

Malam, wai mene ne “ƙungiyoyin farar hula”? Ba wani sabon salon Turawa ba ne?

Sunan ne sabo, ɗan'uwa. Abin kuwa da shi ka tashi. Duk wani haɗin kai da mutane suka ƙulla da son ransu, wanda ya wuce ƙofar gida amma bai kai ofishin gwamnati ba, shi ake nufi. Kwamitin masallacin layinku, matan da ke zubin susu (wato adashi) a kasuwar Kejetia, mahauta da sarkinsu, ƙungiyar direbobi, masu gudummawar biki da suna, makarantar da malam ya buɗe a zaurensa, har samarin da ke zaman bes suna dafa ataya idan sun tashi yashe kwata ranar Asabar. Ba riba ta tara su ba, ba kuma kujerar mulki suke nema ba. Wanda ya ce Bature ne ya kawo mana wannan, a tambaye shi wa ke haƙa kabari idan an yi rasuwa a Zango, kuma wa ke biyansu.

To ina asalinsa a Musulunci?

Tun kafin annabci ma. Wani fatake ɗan Yaman ya kawo haja Makka, wani babba cikin Ƙuraishawa ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Baƙo ne, ba dangi, ba mai tsaya masa. Sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka yi rantsuwa cewa ba wanda za a zalunta a Makka, ɗan gari ko baƙo, face sun tsaya masa har haƙƙinsa ya dawo. Wannan ita ce Hilful Fuduli. Annabi (SAW) ya halarce ta yana matashi, kuma bayan zuwan Musulunci ya faɗa cewa da za a kira shi zuwa irinta da ya amsa. A lura da waɗanda suka ƙulla ta: masu bautar gumaka ne. Abin da ya sa ya yabe ta shi ne manufarta.

Alƙur'ani ya zo ya ɗora a kai. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta yi umarni da taimakon juna a kan alheri da taƙawa, aya ta 104 a Ali Imrana kuma ta ce a samu wata jama'a daga cikinku masu kira zuwa ga alheri, masu umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Da jama'a ake magana a nan, ba da sarki kaɗai ba. Abin da malaman fiƙihu ke kira farilla ta kifaya ke nan: aikin da idan wasu sun yi ya sauka a kan kowa, idan an bar shi kowa ya ɗauki zunubi.

Amma ginshiƙin da ya fi riƙe al'ummar Musulmi a tarihi shi ne waƙafi. Sayyadina Umar ya samu gona a Khaibar, Annabi (SAW) ya ba shi shawarar ya tsare asalinta ya sadaukar da amfaninta. Sayyadina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa mutanen Madina. Daga nan abin ya bunƙasa, har ya zama makarantu da asibitoci da masaukin matafiya da rijiyoyi a biranen Musulmi mafi yawansu da waƙafi suke tafiya. A birnin Fas na Maroko, wata mata, Fatima al-Fihri, ta kafa masallacin Ƙarawiyyin a shekarar 859 da dukiyar gadonta, kuma har yau ana karatu a wurin. Sirrin waƙafi shi ne, da zarar an tsayar da shi ya fita daga hannun mai shi, kuma a shari'a sarki ba shi da ikon taɓa shi. Malamin da ke cin abinci daga waƙafi yana iya duban sarki ya ce masa a'a.

Kuma sun faɗa. Halifan Abbasiyawa ya so ya ɗora wa dukkan daula littafin Imamu Malik a matsayin doka guda, Malik da kansa ya ƙi, ya ce sahabbai sun watsu a garuruwa, kowace jama'a ta riƙi abin da ya iso mata, a bar mutane. A 833 halifa Ma'amun ya fara tilasta wa malamai aƙidar da fada ta zaɓa. Imamu Ahmad ɗan Hambali ya sha ɗauri da bulala bai sauya ba, daga baya fadar ce ta janye. Mu mabiya Malikiyya a nan Zango ya kamata mu fi kowa riƙe labarin farkon nan. An miƙa wa limamin mazhabarmu sandar hukuma don ra'ayinsa ya danne na kowa, ya mayar da ita.

Amma ai hukunci na Allah ne kaɗai. Dimokuraɗiyya ba kafirci ba ce?

Ayar gaskiya ce, tana cikin Suratu Yusuf. Hawarijawa ma ita suka ɗaga wa Sayyadina Ali, ya ce musu kalmar gaskiya ce aka nufi ɓata da ita, domin dole mutane su samu mai tafiyar da al'amuransu. A zamanin nan akwai masu tunani irin su Sayyid Ƙutub na Masar da suka ɗauki duk dokar da ɗan Adam ya tsara a matsayin kutse cikin ikon Allah. Akwai kuma malamai da yawa da suka saɓa musu. Shaikh Yusuf Ƙardawi ya kwatanta jefa ƙuri'a da ba da shaida, wadda ɓoye ta laifi ne. Rashid Gannushi na Tunisiya ya shafe shekaru yana rubutu cewa 'yanci shi ne filin da addini ke tsayawa da ƙafarsa.

Ni ga inda nake. Dubi abin da majalisar dokoki a Accra ke muhawara a kai: kasafin kuɗi, inshorar lafiya, titi, harajin tura kuɗi ta waya da aka ƙaƙaba a 2022 aka soke a 2025. Ba wanda ya je can don a ƙidaya hannu kan raka'o'in azahar. Sashe na 56 na tsarin mulkin 1992 ma ya hana majalisa kafa wata hukuma mai ikon ɗora wa 'yan Ghana wata manufa guda ta addini ko ta siyasa. A ƙasar da Kiristoci suka haura kashi 70 cikin ɗari, wa wannan sashe ya fi karewa? Gaskiya ne dokar ƙasa ta bar giya da caca, kuma wannan ba ya yi wa Musulmi daɗi. Sai dai barin abu daban, tilasta shi daban. Annabi Yusuf (AS), a cikin surar nan dai, shi ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar ƙarƙashin sarkin da ba addininsu ɗaya ba.

Shawara da dimokuraɗiyya abu ɗaya ne ke nan?

Ba ɗaya ba ne, amma 'yan ɗaki ɗaya ne. Shawara ƙa'ida ce: al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu, in ji Suratus Shura. Yadda za a yi ta an bar wa zamani. An zaɓi Abubakar a taron Saƙifa, shi ya ayyana Umar, Umar ya bar wa mutum 6 su fitar da ɗaya. Hanya uku cikin ƙasa da shekara 15. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ayar da ta umarci Annabi (SAW) ya ci gaba da shawartar sahabbai ta sauka ne bayan Uhudu, wato bayan an bi ra'ayin masu rinjaye an fita bayan gari kuma an ji jiki.

Mu ba mu da rinjaye a Ghana. Me malamai suka ce kan zama ƙarƙashin wanda ba Musulmi ba?

Ƙidayar 2021 ta ba Musulmi kashi 19.9 cikin ɗari, kusan mutum ɗaya cikin biyar. Wannan hali ba baƙo ba ne. Hijirar farko zuwa Habasha aka yi ta, wajen sarki Kirista, saboda ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Da Annabi (SAW) ya isa Madina a 622 aka rubuta yarjejeniyar da ta ce Yahudawa suna da addininsu, Musulmi suna da nasu, kuma tsaron garin yana kan kowa. Kan wannan takarda malamai daga ƙasashe da dama suka dogara a taron Marrakesh na Janairun 2016, inda suka yi kira a ɗauki kowa ɗan ƙasa cikakke ko mene ne addininsa.

Ba sai mun je nesa ba ma. Wangarawan da suka riga Hausawa shigowa wannan yanki suna tafe da koyarwar Alhaji Salim Suwari: Musulmi na iya zama ƙarƙashin sarkin da ba Musulmi ba muddin an bar shi da addininsa, kuma abin da ke kansa shi ne riƙon ilimi da kyautata hali har maƙwabci ya gani ya yi sha'awa. Turawan da suka zo Kumasi a 1817 da 1820 sun tarar da Musulmi a fadar Osei Bonsu, sarkin Asante, suna rubuta wasiƙu, ana jin shawararsu. Har gobe akwai limamin Asante Nkramo, wato Musulmin Asante, da ke da matsayi a Manhyia, fadar sarkin Asante. Fataken goro da suka biyo ta Salaga, da waɗanda suka kafa unguwannin Zango bayan Turawa sun ci Asante, kan wannan shimfiɗa suka zauna.

Bambancin yau shi ne kakanninmu baƙi ne masu neman inuwar mai masauki, mu kuwa 'yan ƙasa ne. Wasu cikinmu har yanzu da muryar baƙo suke magana da hukuma, suna roƙon abin da yake haƙƙinsu. Ba na ganin laifinsu sosai. Wanda ya ga korar baƙi ta 1969 da idonsa, tsoro bai gama sakinsa ba.

Me zai hana mu kafa jam'iyyar Musulmi mu huta?

An taɓa yi. A 1954 aka kafa Muslim Association Party, ƙarfinta a zangunan Accra da Kumasi, ta tsaya a ɓangaren masu adawa da Nkrumah. A 1957 gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Ladan zuwa Najeriya, kuma a shekarar aka yi dokar da ta haramta jam'iyyun ƙabila, yanki ko addini. Jam'iyyar ta narke cikin United Party. Sashe na 55 na tsarin mulkin yanzu ya maimaita wannan hani.

Ko da doka ta bari, yi lissafi da kanka. Ranar da aka ce kowa ya bi layin addininsa, mutum ɗaya ba ya kayar da huɗu. Ba ta wannan hanya Aliu Mahama ya zama mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009 ba, haka Mahamudu Bawumia daga 2017 zuwa 2025. A zaɓen 7 ga Disamban 2024, yankin Asante mai rinjayen Kiristoci Bawumia ya zaɓa, alhali Musulmi da yawa a zanguna John Mahama suka dangwala wa. Washegari Bawumia ya amince da shan kaye tun hukumar zaɓe ba ta sanar ba. Wasu sun yi ta gunaguni cewa Musulmi sun ƙi nasu. Ni kuwa a ganina ranar da ba a iya sanin ƙuri'ar mutum daga sunansa, ranar ce 'yan tsiraru ke barci da ido biyu rufe.

Babban Limamin Ƙasa ya shiga coci. Wannan ba sakaci da addini ba ne?

A Afrilun 2019, cikin bikin cikarsa shekara 100, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu ya ziyarci cocin Katolika na Christ the King a Accra ranar Ista. An yi ta magana, kuma masu sukar ba duka jahilai ba ne. Tsoron cakuɗa ibada tsoro ne mai tushe. Amma ziyara mu'amala ce. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ce Allah bai hana ku kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku ba, ku kuma yi musu adalci. Aya ta 40 a Suratul Hajji ta lissafa wuraren ibadar Kiristoci da Yahudawa tare da masallatai cikin abin da Allah ke karewa daga rushewa. Shehu bai sauya alƙibla ba. Kuma a Fabrairun 2016, da rikici ya tashi a Old Tafo kan katangar maƙabarta har aka sa dokar hana fita, irin wannan zumunci tsakanin malamai da fada da shugabannin coci aka ci moriyarsa. Ba ranar gobara ake haƙa rijiya ba.

Ƙungiyoyin nan, ban da taro da hoto, me suka taɓa samo mana?

A Yulin 2018 'yan sanda suka harbe matasa 7 'yan Zangon Kumasi a Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Asawase ta ɗauki zafi, an ƙona tayoyi. Da a nan aka tsaya, da labarin ya mutu a matsayin “tarzomar 'yan Zango”. Sarakuna da limamai da shugabannin matasa suka matsa har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Kwamitin bai samu hujjar cewa 'yan fashi ne ba, aka dakatar da wasu 'yan sanda, aka biya iyalai diyya. Diyya ba ta dawo da rai, kuma mutane da yawa na ganin hukunci bai kai inda ya kamata ba. Amma an wanke sunan mamatan, kuma jama'a mai tsari ce ta wanke shi.

Sauran a taƙaice. Sashen ilimin Musulunci da aka kafa a 1987 ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, wanda ya sa makarantunmu ke samun malaman da gwamnati ke biya. Hutun sallah ƙarama da babba tun zamanin Rawlings. Asusun Raya Zango na 2017, duk da abin da ya iso ƙasa bai kai abin da aka yi alkawari ba. Maganar hijabi da azumin ɗalibai a makarantun mishan kuwa har yanzu ana kan ja. Ta yi zafi a 2021, ba ta kuma mutu ba.

To shinkafa da sukarin azumi da 'yan siyasa ke kawowa fa? A ƙi karɓa?

Nan ne ciwon yake. Talaka ya karɓi buhunsa, ba ni da ta cewa. Daga harajinsa aka saya. Matsalar tana ga shugabanni. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Limamin da kujerar hajjinsa da ta matarsa daga ofishin jam'iyya suka fito, da wane baki zai yi huɗuba kan kwatar da aka ba da kwangilarta sau biyu ba a gina ba? Shugaban matasan da ke jiran a kira shi aikin tsaron ɗan takara, shi zai tambayi inda kuɗin asusun gunduma ya shiga? Sai da aka yi ta'asar zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairun 2019 sannan aka yi dokar haramta 'yan bangar siyasa, kuma kowa ya san daga waɗanne unguwanni ake yawan ɗibar yaran.

Kuɗin ƙetare ma haka yake, ko daga ƙasashen Larabawa ya zo, ko Turkiyya, ko Iran, ko Turai. Ba haramun ba ne, an gina masallatai da rijiyoyi da shi. Amma mai ba da kuɗi yana da abin da yake so a faɗa. A Indonesiya, ƙungiyoyin Muhammadiyya da Nahdatul Ulama, waɗanda aka kafa a 1912 da 1926, suna da dubban makarantu, da asibitoci da jami'o'i nasu, shi ya sa gwamnati ke sauraronsu ba don ta so ba. Mu a nan muna da attajirai masu gina masallaci na biyar a layi ɗaya, amma da wuya ka ji wanda ya tsayar da shaguna 10 waƙafi don albashin malaman makaranta.

Muna neman a yi haƙuri da mu, mu kuma tsakaninmu fa?

Tambayar da ba a so ke nan. Waɗanda suka manyanta suna tune da shekarun 1990, lokacin da 'yan Tijjaniyya da Ahlus Sunna suka riƙa arangama a garuruwa da dama kan masallaci da wa'azi. An samu sauƙi ƙwarai, amma lasifika da Facebook ba su daina ba. Abin lura: dokar 2011 da ta kafa Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa kujera uku ta ware wa Musulmi, ɗaya ta Tijjaniyya, ɗaya ta Ahlus Sunna, ɗaya ta Ahmadiyya. Wato hukuma ta zaunar da mu teburi ɗaya kafin mu zaunar da kanmu. Ba a ce kowa ya bar aƙidarsa ba, ba a ce a daina raddi na ilimi ba. Amma wanda ke neman a bar 'yarsa ta sa hijabi a makarantar mishan da hujjar 'yancin addini, sannan ya dawo unguwa yana neman a rufe masallacin da bai yarda da su ba, ya sare reshen da yake zaune a kai. Haka batun ƙabila: Zango ba ta Bahaushe kaɗai ba ce, akwai Mosi da Dagomba da Zabarma da Kotokoli da Fulani da Wangara da Yarbawa, kowa da sarkinsa. Kwamitin da duk 'yan gida ɗaya ne ba ya magana da sunan Zango.

Malam, mu mata ina namu wurin?

Hajiya, ku ne kuka fi kowa tsari, sai dai ba a kiran ku teburin yanke shawara. Nana Asma'u 'yar Shehu Usman ɗan Fodiyo ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis, wato jagorori mata, suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata, tun ƙarni na 19. A nan Ghana akwai FOMWAG, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi. Ga aiki ɗaya da ke jiran ku: dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi rajistar aure cikin mako guda, kuma aurarrakinmu kaɗan ne ake yi wa. Sai miji ya rasu, magana ta kai kotu, matar ta rasa takardar da za ta nuna.

Ni ba malami ba, ba mai kuɗi ba. Ta ina zan fara?

Daga masallacin layinku. Ka tambaya cikin ladabi ko ana rubuta abin da ake tarawa ranar Juma'a, kuma ko za a riƙa karanta lissafin a bainar jama'a ko da sau ɗaya a wata uku. Za a harare ka, wani ma ya ce kana zargin dattawa; ka ce musu aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka. Sai zaɓen asambuliman, wato wakilin unguwa a majalisar gunduma, zaɓen da ba na jam'iyya ba ne kuma mutane ba sa fita: shi ne ya fi kusa da kwatarku da fitilar layinku. Tun 2019 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba ka damar rubuta wa majalisar Asokore Mampong ko ta birnin Kumasi ka nemi sanin nawa aka ware wa wani aiki da wanda aka ba kwangilar. Kada ka je kai kaɗai. Ku je ku biyar, da takarda mai sa hannu, ku riƙe kwafi, ku rubuta ranar da kuka kai ta. Idan a layinku akwai coci, ku leƙa ku gaya wa fasto, domin ruwan kwatar nan idan ya cika har ƙofarsa yake zuwa.